Ƙofar Lambun Babanku

Ina riƙe da bokiti na huɗu, tsakanin rijiya da ƙofar lambu, na ji sallamar Baffanku Sani a zaure. La'asar ta wuce kaɗan. Ya yi sallama sau biyu bai shigo ba, shi da ya saba faɗowa gidan yayansa kai tsaye yana tambayar abin da aka dafa. Na ajiye bokitin na yafa mayafi. Da na leƙa sai na gan shi tsaye da hula a hannu, liman yana bayansa. Liman ne ya yi maganar. Ya ce Malam Habu, babanku, ya yi sallar azahar a Babura, inda ya je duba wani tsohon abokin aikinsa da ba shi da lafiya, ya jingina da bangon masallaci yana lazimi, har jama'a suka watse bai tashi ba. Ya ce in yi haƙuri, mota tana hanya da shi. Na yi salati. Abin da na fi tunawa shi ne na koma na ɗauki bokitin nan na kai lambu na juye a gindin furen yasmin, domin da safe da zai fita ya ce kada in manta da shi in rana ta yi sanyi. Sai da na juye ruwan na zauna a ƙasa. A nan matan maƙwabta suka same ni.

Na ware wa shekarar nan babi guda a cikin abin da nake rubuta muku saboda maganar lambun. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, ko da yake mutum ɗaya ce ta faɗa mini a gabana. Kuna ganin babanku ya rasu ya bar lambun da ya fi shekara ashirin yana wahala a kansa, ni kuma na zuba ido ya bushe cikin wata huɗu, ga rijiya a tsakar gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ban faɗa ba a lokacin, saboda wadda maganar ta shafa tana raye. Yanzu Allah ya yi mata rasuwa. Ba don in ɗora mata laifi nake rubutawa ba, domin rabona a ciki ya fi nata.

Manyan cikinku sun san yadda lambun ya samu, ƙanana ba su sani ba. Babanku a gandun daji ya yi aiki, a wurin renon itatuwa a Kazaure, kullum ya tafi a babur ya dawo Roni da yamma. Da maƙwabcinmu Ɗan'azumi ya tashi ya koma Yankwashi, Malam ya sayi kangonsa. Kowa ya ɗauka ɗakuna zai gina wa ɗan'uwanku Abba. Sai ya toshe ƙofar waje saboda awaki, ya fasa katangar da ke tsakaninmu ya sa 'yar ƙofar langa-langa, ya fara shigowa da 'yan shuke-shuke a leda ɗaure a bayan babur. Ya jera lalle da zogale a jikin katangarmu. Can ciki ya sa lemun tsami guda, da wardi, da ɗoɗɗoya, da wata mai hawa bango mai jan fure kamar takarda wadda har yau ban san sunanta ba. A tsakiya ya sa yasmin, ya kafa masa sanduna. Kusa da shi ya binne wani tsohon kasko rabi a ƙasa, kullum ya cika shi da ruwa saboda tsuntsaye. Mutanen unguwa suna kiran wurin gonar da ba a ci. Shi ma yakan kira ta haka yana dariya.

Ni ban yi dariya ba, kuma kun ji ni da kunnenku. Na yi mita a kan jan ruwa, na yi mita a kan sauro, na ce filin da zai ba mu kuɓewa da yakuwa na shekara an ba furen da ko akuya ba ta ci. Wata shekara da aka tura shi wani aiki na mako uku, na tuge rabin wardinsa na shuka kuɓewa. 'Yar'uwarku Safiya tana 'yar shekara goma, ta yi kuka har ta ƙi cin tuwo. Da ya dawo ya tsaya ya duba, ya ci gaba da ba kuɓewar ruwa tare da sauran. Ranar da ta yi fure, wannan rawayan mai baƙin ciki, ya kira ni daga madafa ya nuna mini.

"Ashe ke ma 'yar fulawa ce, Rabi. Ɓoyewa kike yi."

Wannan ita ce uwar da kuka sani, domin ita kuka bari a gida kuka yi aure kuka watse. Abin da ba ku gani ba shi ne shekara biyun ƙarshe. Bayan ya bar aiki gwiwarsa ta fara ciwo, jan guga ya gagare shi, ban-ruwa ya dawo hannuna, bokiti shida da safe, shida da yamma. Da farko don dole nake yi. Shi kuma in ya dawo daga sallar asuba sai ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar lambu daga ciki, ya zauna shiru har rana ta fito. In na ɗauko tsintsiya sai ya ɗaga mini hannu, ya ce in bari tukuna, baƙi suna karyawa. Na ce baƙin da ba sa sallama ba baƙi ba ne. Ya ce suna yi, ni ce ba na tsayawa in amsa. Wata safiya na gaji da tsayuwa da tsintsiya a hannu, sai na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a bayansa. Tun daga ranar kullum nake zama.

A nan na koyi abin da na koya. Tsada su suke fara sauka a bakin kasko, 'yan ƙanana masu launin shuɗi-shuɗi, namijin da jan ɗigo a kumatu. Ba sa sauka gaba ɗaya, sai guda ta gwada tukuna. Kurciya tana bari sai kowa ya gama. Alhudahuda ba ruwansa da kasko, inda na jiƙa ƙasa yake bi yana soka baki. Wanda Malam ya fi so shi ne sha-kauci, ɗan mitsitsi mai lanƙwasasshen baki, wanda yake bin furen zogale ɗaya bayan ɗaya. In sanyi ya fara wucewa namijin yakan sake riga, baya kore mai sheƙi, ciki rawaya, jela ta yi tsawo kamar zare biyu. Malam yakan ce ga ango nan ya zo. Ba ma yawan magana. Wani lokaci ya nuna da haɓa, in duba. Shekara talatin da wani abu muna tare, amma ban san zaman shiru da shi yana da daɗi haka ba sai a wannan lokacin. Ban taɓa faɗa masa ba, kuma ban faɗa wa kowa cikinku ba. Na ji nauyin a ce bayan duk mitar nan na sauko.

Ya rasu sanyi yana ƙarewa, bazara tana shigowa. Kwana bakwai na zaman makoki Safiya ce ta riƙe lambun. Tana da tsohon ciki a lokacin, ba ta iya ɗaukar bokiti, sai ta riƙa cika buta tana kaiwa tana dawowa. Ranar da mijinta ya zo mayar da ita Dutse, ta durƙusa a gabana za ta yi sallama, ta riƙe hannuna.

"Inna, lambun Baba amana. Kada ki bari ya mutu."

Na ce mata in sha Allahu.

Gwaggonku Hajara, yayar Malam, ita ta zauna da ni zaman takaba. Daga Gwiwa ta zo, ta bar jikokinta da awakinta, tana da shekara kusan tamanin, ta ce ba za a bar matar ƙaninta ita kaɗai a gida wata huɗu da kwana goma ba. Ina so ku riƙe wannan kafin ku karanta sauran. Ita ta goyi babanku da uwarsu ta rasu. Ita ma ta yi takaba tana da ƙuruciya, a hannun uwar mijinta, irin ta da, wadda ake riƙe wuƙa ko'ina za a je, ba wanka sai Juma'a. Ni ta sassauta mini duk wannan. Abin da ta lissafa mini shi ne ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba fita. Na ce na ji.

Rana ta takwas da safe, gida ya yi shiru, na ja ruwa na nufi ƙofar lambu. Tana zaune a kan tabarma tana jan carbi.

"Ina za ki da ruwa, Rabi?"

"Lambu, Yaya."

"Lambun da lalle yake fure, wancan farin yana tashi kamar ɗakin amarya? Ki shiga ki fito zanenki yana ƙamshi, mijinki bai kwana goma a ƙasa ba? Kuma can ba gida ba ne, kangon Ɗan'azumi ne. In kika taka ƙofar nan kin fita."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta tashi da kyar, ta ɗauko kwaɗon da Malam yake ratayewa a ƙusa, ta kulle ƙofar, ta ɗaure makullin a gefen zanenta. Ta ce tana tsare mini takabata ne, kada in ɓata ta a kan ciyawa, in cuci mamaci in cuci kaina. Na tambaye ta ko za a sa wani ya riƙa shiga. Ta ce wa? Ƙofar waje a toshe take, namiji ba zai riƙa ratsa tsakar gidan mai takaba safe da yamma ba, ita kuma guga ya fi ƙarfinta. Matan maƙwabta kuwa, ta ce in dubi yadda zai kasance a ce sun zo gaisuwar mutuwa an miƙa musu bokiti a ce su shayar da fulawa. Gari zai ɗauka cewa matar Habu ba mijinta ne a ranta ba.

A nan rabona yake. Karatuna na addini bai wuce na sallah da azumi ba, ban san ko maganarta haka take a shari'a ba. Amma gidan liman bai fi taku ɗari daga namu ba, kuma matarsa tana shigowa kusan kullum. Tambaya ɗaya ce. Ban yi ba. Na ji kunyar a ce yayar mijina ta yanke magana na aika a bincika ta. Na ji kunyar a ce mai takaba fure ne damuwarta. Akwai kuma na uku, wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko a zuciyata. Buzunsa yana can ciki inda ya bar shi. Da aka kulle ƙofar na ji wani sauƙi, domin ba sai na riƙa ganinsa ba kowa a kai.

Katangar ta fi tsayina, ba na ganin komai sai kan zogale da saman mai jan furen. Saboda haka daga tsuntsaye nake jin labarin lambun. Kullum bayan asuba nakan zauna a kan kujerata a gefen rijiya ina fuskantar katangar. Kwana biyun farko tsada sun zo kamar yadda suka saba, na ji 'yar hayaniyarsu. Rana ta uku suka sauka suka tashi nan da nan, na san kasko ya ƙafe. Alhudahuda ya ƙara mako guda, ina ganinsa yana tsallakawa, daga nan ƙasa ta yi masa tauri ya daina. Ƙamshin yasmin kuwa, wanda aka kulle ƙofa saboda shi, bai san da kwaɗo ba. In magariba ta yi sai ya tsallako ya cika tsakar gida, har inda Gwaggo take alwala. Ya yi kamar mako uku yana zuwa, kullum yana raguwa, har wata magariba na tsaya ina jira ban ji shi ba.

Na nemi wani murfin tukunya na zuba ruwa na ajiye a gindin katangar ta ɓangarenmu. Gwaggo ta ce wannan ba laifi, shayar da tsuntsu sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Habu. Har takan watsa musu tsakin gero da hannunta, tana ce musu su ci, mai gidansu ya tafi ya bar su da tsofaffi biyu. Tsada kaɗan suka dawo, da kurciya guda biyu. Sha-kauci ba ya zuwa don ruwa, fure yake bi. Na ci gaba da ganinsa a kan zogale har furen ya kaɗe. Ranar ƙarshe da na gan shi ya sauka a reshen sama, ya juya nan ya juya can, ya tashi ya yi gabas.

Safiya ta haihu kwana ashirin da wani abu bayan rasuwar. Muna waya kusan kullum. In ta gama ba ni labarin jariri sai ta ce, ya lambun Baba? Nakan ce yana nan. Ban ce yana lafiya ba, na ce yana nan, ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba. Gwaggo tana zaune kusa da ni duk lokacin da ake wayar, kuma ban so in tayar wa mai jego hankali a kan abin da ba za ta iya zuwa ta gyara ba. Haka na riƙa gaya wa kaina. Ranar sadakar arba'in Abba ya zo da sauranku, ban da Safiya. Gida ya cika, ana ta rabon waina da gumba. Na san in na ja Abba gefe na ce ya karɓi makulli a hannun Gwaggonsa ya ja bokiti goma, zai yi, kuma a lokacin yasmin bai gama mutuwa ba. Sau biyu ya shigo ɗakina ya tambaye ni ko akwai abin da nake buƙata. Na ce babu. Kafin la'asar suka kama hanya.

Bayan arba'in zafi ya tsananta, irin wanda ƙarfen guga yake ƙona hannu. Sai na fara wani abu da ban san ko dabara ce ko wauta ba. Ruwan da ya rage na alwala da na ɗauraye kwanuka nakan tara a roba, in Gwaggo ta shiga ɗaki ta kishingiɗa bayan azahar, in tsaya a gindin katanga in watsa shi ta sama. Ba na ganin inda yake sauka. Ina dai jin ƙararsa a kan busassun ganye. Na san ba zai kai tsakiya ba, amma na kasa bari. Wata rana na juyo da robar a hannu na ga Gwaggo a bakin ƙofar ɗaki tana kallona. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce katangar ta ƙasa ce, in riƙa ɗaga hannu sosai kada in jiƙa ta ta zube. Ta koma ciki.

Saura kwana goma sha biyu in fita takaba Malama Hauwa ta zo, wadda take koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Ta yi doguwar jinya a Kano, shi ya sa ba ta zo gaisuwa da wuri ba. Ta shigo ta same ni a tsakiyar watsa ruwan nan, zanena duk ya jiƙe. Bayan ta yi mana ta'aziyya ta tambaye ni abin da nake yi, na faɗa mata a gaban Gwaggo, da sauƙin murya yadda zan iya. Sannan ta juya wajen Gwaggo, ba wajena ba, ta yi magana da ladabi. Ta ce abin da aka hana mai takaba shi ne ta shafa turare a jikinta ko ta yi ado, ba a hana ta wucewa kusa da abin da Allah ya halitta da ƙamshi ba. Ta ce wurin da ba shi da ƙofa sai ta cikin gida, gida ne. Ta ce ko gona ce a bayan gari, in babu mai kula da ita, mace tana iya zuwa da rana ta dawo ta kwana a ɗakinta.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta sunkuyar da kai tana murza carbi. Da Malama ta tafi ta kwance gefen zanenta, ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da ta sa haƙori. Ta miƙo mini makullin.

"Mu haka aka yi mana, Rabi. Ban san akwai wani ba."

Na buɗe. Ba zan tsawaita a nan ba. Lalle da zogalen da ke jikin katanga suna da rai, su ruwan da nake watsawa ya samu. Lemun tsami ya zubar da ganye amma da na kankare bawonsa da farce na ga kore. Wardi da ɗoɗɗoya sun zama kara. Yasmin yana tsaye a jikin sandunansa yadda Malam ya ɗaure shi da tsumma, ganyen duk a jiki, sun bushe ba su faɗi ba. Na kama reshe ya karye a hannuna. Buzun yana nan, rana ta nannaɗe gefensa, gara ta ci rabi. Na ɗauke shi, na cika kasko, na ja bokiti goma sha biyu na juye a gindin yasmin. Haka na yi ta yi safe da yamma har na fita takaba, har ruwan sama ya sauka. Bai tsiro ba.

Ranar fitar takaba Safiya ta zo da jaririnta a baya, wanda aka sa wa sunan Malam. Ta gaishe ni, ta gaida Gwaggo, ko mayafi ba ta cire ba ta wuce lambu. Muna zaune a tsakar gida da mata kamar goma. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ba ta yi kuka ba, ta tsaya a bakin ƙofar ta dube ni.

"Kullum ina tambayarki, Inna, kina cewa yana nan. Da ma ba ki taɓa son lambun nan ba. Da kin faɗa mini, da na san yadda na yi."

Matan suka hau ta da faɗa, wannan wace irin magana ce ga uwa a rana irin ta yau. Ni na dubi Gwaggo. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ga yadda ta tsufa a wata huɗun nan, ta rame a kan hidimata, ta bar gidanta ta zo ta kwana a ƙasa kusa da gadona. Na ga in ta faɗa, a gaban matan unguwa za a ce tsohuwa ta kashe lambun ƙaninta da rashin sani, kuma da wannan za ta koma Gwiwa. Sai na riga ta. Na ce wa Safiya haka ne, sakacina ne, ta yi haƙuri. Gwaggo ta rufe bakinta. Washegari da za ta hau mota ta riƙe hannuna ta daɗe ba ta saki ba. Ba mu sake tayar da maganar ba har ta rasu bara.

Ban yi da-na-sanin rufa mata asiri ba. Abin da ban auna ba shi ne tsawon abin da zai biyo baya. Safiya ba ta yanke zumunci ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba bayan ranar. Tana zuwa da sallah, tana aiko da atamfa da magani, tana kawo mini takwaran Malam in ɗauka. Amma ba ta ƙara taka ƙofar lambun ba, kuma in muna waya akwai inda hira take tsayawa, mu duka biyun mu ji ta tsaya. A da, da ita nake zama mu yi ta magana har abinci ya ƙone. Shekara uku ke nan ban samu wannan ba.

Lambun kuwa na ci gaba da shi iya ƙarfina. Bokiti shida sun koma uku. Lemun tsami ya farfaɗo, bana har ya yi 'ya'ya. Na samo ɗoɗɗoya a gidan liman, mai jan furen ma ta fito daga tushe ba tare da na yi mata komai ba. Tsada sun dawo da yawa, alhudahuda yana zuwa jefi-jefi, sha-kauci ya dawo a bazara ta biyu da zogale ya yi fure. Ban san ko shi ne na da ba. Nakan zauna bayan asuba a inda nake zama, in na ga wani abu sai in ji haɓata ta ɗaga za ta nuna, sannan in tuna. Akwai wani ɗan tsuntsu mai jan baki da ya fara zuwa bana wanda ban san sunansa ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Tsakiyar lambun na bar shi fili. Na cire busasshen yasmin amma sandunan suna nan.

Farkon daminar da ta wuce wani direban motar Dutse ya yi sallama a zaure ya ba da saƙo, ya ce daga Safiya. Dashen yasmin ne a baƙar leda, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu kada ya wahala a hanya. Babu takarda. Da daddare ta kira ta tambayi ciwon ƙafata, ta tambaye ni ko ruwa ya sauka a Roni, ba ta ambace shi ba. Ni ma na ce mata saƙo ya iso, na gode, ban ƙara ba. Na ajiye shi a inuwa kusa da randa ina ba shi ruwa. So nake ta zo ta riƙe shi in tura ƙasa, ko ni in riƙe ita ta tura, in faɗa mata abin da na rubuta a nan da bakina kafin ta karanta. Sau uku ina ɗaukar waya don in ce ta zo, sai in tambayi lafiyar yara in kashe. Damina ta wuce, saiwarsa ta fara huda ledar ta ƙasa. Har yau ban haƙa masa rami ba.